Ƙasa Huɗu da Tarwaɗa a Hannuna

Ku gyara zama, jama'a, yau bakina cike yake, in ban zazzage muku ba ƙirjina fashewa zai yi.

Ni ce dai Auta, wadda kafin bara ko tashar motar garinmu ba a taɓa barina na je ni kaɗai ba. Wata goma sha ɗaya ke nan da Yaya ta ɗauko ni ta kawo ni wannan nahiya ta masu sanyi. Yaya 'yar yayar Umma ce, likitar yara ce a nan, mijinta kuwa a jirgin ruwa yake aiki, wata uku yana teku, wata ɗaya yana gida. Da aiki ya sha mata kai sai ta kira Umma ta ce, "Ki ba ni aron Auta shekara ɗaya tak, ta riƙe min yarinya." Umma ta ce aro dai ko? Ta ce aro.

Yarinyar shekararta huɗu, kuma Tarwaɗa muke ce mata, don in ka riƙe ta ta nan sai ta sulluɓe ta can. Kumatu kamar an hura, ido tubarkalla, ga ɗan banzan wayo. Matsalarta ɗaya: tana jin Hausa sarai, amma ko za ka yanka ta ba za ta mayar maka da ita ba. Ka ce "zo nan", ta zo. Ka ce "me kike so", ta zuba maka yaren mutanen nan kamar rediyo. Wata goma sha ɗaya ina fama, abin da na samu kawai "Anti Auta", shi ma sai tana neman alewa.

To ranar wata Talata ina ninke kayan wanki a falo, Yaya ta shigo ko takalmi ba ta cire ba.

"Auta, haɗa kaya."

"Yaya, me na yi?"

"Ke dai akwai tsoro. Asibiti ne suka tura ni koyar da ma'aikata, ƙasa huɗu cikin sati uku. Ba zan bar ku ba. Ni ina aji, ku kuna yawo."

"Ƙasa huɗu? Ni?"

"A'a, ni da aljanu."

Na saki zanin gadon da ke hannuna na yi tsalle, Tarwaɗa ta ga ina tsalle ita ma ta kama, ba ta ma san dalili ba.

Kar ku tambaye ni yadda na haɗa akwati. Abaya uku, baƙa da ruwan toka da wata mai ruwan zuma da nake ji da ita. Doguwar rigar atamfa guda biyu, don duk inda na je a san daga gida na fito. Rigar sanyi mai kauri wadda in na saka nake komawa kamar buhun auduga. Safa ƙafa bakwai, mayafi biyar, man shafawa, turare. Jakar Tarwaɗa kuwa ta fi tawa nauyi: kayan canji, maganin mura, ƙaramin bargonta mai hoton agwagwa da ba ta barci sai da shi, da 'yar tsanarta mai hannu ɗaya.

Kafin na rufe akwatin na ɗauki waya na rubuta wa Malam.

Bari in gaya muku waye Malam, don na san kunnuwanku sun miƙe. Malamin labarin ƙasa ne a makarantar sakandaren da ke bayan layinmu a gida. Dogo, siriri, kullum da alli a gefen hannun rigarsa. Shekara biyu yana zuwa wurina kafin na taho. Mutumin nan ya san sunan kowane kogi da kowane dutse na duniya, amma ko jirgin sama bai taɓa shiga ba. Ranar da zan taho ya ce min, "Ki je ki gano min ko littattafan nan gaskiya suke faɗa."

Na jero masa sunayen ƙasashen, na rubuta: *Ƙasa huɗu za mu zaga. A jirgin ƙasa.*

Minti ɗaya ba a yi ba: *Ki zauna ta gefen taga. Ta dama. Bayan awa biyu za ku haye wani babban kogi. Ki gaishe min da shi.*

*Ta yaya ka sani?*

*Shekara shida ina zana shi a allo.*

Wallahi kuwa ranar tafiya, bayan awa biyu da 'yan mintoci sai ga kogi, faɗinsa kamar ba shi da ƙarshe, jiragen dakon kaya na tafiya a hankali a kansa. Na ɗauki hoto na tura masa. Ya amsa da cewa ya nuna wa 'yan aji uku, wai wata ɗaliba ta ce ashe da gaske ne.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne iyaka. Ni fa na ɗauka za a tsayar da mu, a sauke kaya, a yi layi. Na riƙe fasfo ɗina gam tun daga tasha har gumi ya jiƙa bangonsa. Can na ce, "Yaya, yaushe za mu shiga ƙasar?"

Ta ɗago daga takardunta. "Ai mun kai rabin awa a ciki."

"Ba ƙofa? Ba kowa?"

"Ba ki ga rubutun allunan tasha ya canza ba?"

Na koma na lafe a kujera. Ashe haka ake shiga ƙasar mutane kamar an shiga ɗakin maƙwabciya.

Ƙasa ta farko gari ne da ruwa ya ratsa ta ko'ina, gadoji ƙanana, kekuna sun fi mutane yawa. Tsohuwa mai furfura fat ta wuce ni a keke da kwandon furanni, ta danna min ƙararrawa don na tsaya a hanyarsu. Kullum da safe Yaya ta saka farar rigarta ta tafi, ni kuma in yi wa Tarwaɗa wanka, in kama mata gashi gida biyu, mu sha shayi da burodi a ƙasan otal, sai titi. Na koyi karanta allon motocin haya. Na koyi tambayar hanya da hannu da murmushi. Sau biyu muka ɓata, sau biyu muka dawo da ƙafarmu.

A ƙasa ta biyu ce Tarwaɗa ta kusa kashe ni da raina. Wani babban fili ne, tattabaru kamar an zuba. Na sake ta na daƙiƙa nawa ne, don in gyara mayafina da iska ta ɗebe. Ina ɗagowa, babu yarinya. Jama'a, ban san ina da murya haka ba. Na kwaɗa kiran sunanta har tattabarun suka tashi gaba ɗaya. Na ga fuskar Yaya, na ga ta Umma, na ga kaina a jirgi an mayar da ni gida da abin kunya. Sai na hango jan takalmi a ƙarƙashin teburin wata mai sayar da furanni. Tana zaune abinta, matar ta ba ta fure ɗaya, tana ta zuba mata labari. Na ɗauke ta na ƙanƙame, ina kuka ina dariya ina yi mata faɗa duk a lokaci ɗaya. Daga ranar na ɗaura bakin wani tsohon mayafi a hannunta, ɗaya bakin a nawa. Mutane na kallonmu suna murmushi. Su kalla. Da yamma na faɗa wa Yaya komai, ban ɓoye ba. Sai ta ce, "Ni a filin jirgi ta yi min, har sai da aka yi shela. Ki ƙara ƙulla mayafin."

A ƙasa ta uku, a kan jirgin ruwan da ya tsallaka da mu, Yaya ta jefo min maganar da ta hana ni sakat. Ranar ba ta da aji. Muna tsaye a saman jirgin, iska na kaɗa mana riguna, Tarwaɗa na jefa wa tsuntsayen teku gutsuren burodi.

"Auta, saura wata ɗaya shekararki ta cika."

"Na sani, Yaya."

"Akwai makarantar koyon renon yara da koyar da su kusa da asibitinmu. Shekara ɗaya ce, da safe, lokacin da wannan take makaranta. Na kai takardunki tun watan jiya, ban gaya miki ba don kar a ƙi ki ji ciwo." Ta ciro waya ta nuna min. "Sun ɗauke ki."

Na karanta sau uku. Sunana ne, ba na wata ba.

"Na ga yadda kike da yara," in ji ta. "Wannan hannun naki bai kamata ya tsaya a gidana kawai ba. Da takardar nan kina komawa gida za ki iya buɗe wurin kanki. Amma ba zan matsa miki ba. Na san akwai Umma. Na san akwai mai alli."

Kamar Umma tana jin mu, muna sauka daga jirgi saƙon muryarta ya shigo. Minti huɗu da rabi. Kun san saƙon uwa in ya wuce minti biyu, ba gaisuwa ba ce.

"Auta, kina lafiya? Ya 'yar tawa? To ni dai ina ƙirga kwana. Aro aka ce min, kuma aro ba kyauta ba ne. Duk sa'anninki an kai su ɗaki, jiya ma na je barkar 'yar ƙawarki, kowa sai ya tambaye ni ina Auta. Yaron nan malami mutumin kirki ne, duk Juma'a sai ya zo ya gaishe mu, amma haƙuri ma yana da iyaka. Kar ki bari yawon duniya ya ɗauke miki hankali. Na sa an yi wa ɗakinki fenti, ruwan hoda, irin wanda kike so."

Ruwan hoda. Nan hawaye ya zo min. Ina son Ummata, ina son ɗakina, kuma, to, tunda mu kaɗai ne a nan, ina son Malam. Amma ina son makarantar nan har cikin ƙashina. Kwana huɗu ina ɗauke da maganar kamar garwashi a tafin hannu. Malam na turo saƙo, *Yau me kika gano min?* ni kuma ina tura masa hoton gada da na hasumiya, ina haɗiye abin da ya kamata in faɗa.

*Kin yi shiru kwana biyu,* ya rubuta. *Ko sanyi ne ya kama yatsun?*

*Sanyi ne.*

Ƙarya nake. Allah ya yafe min.

Sai ƙasa ta huɗu, ƙasar duwatsu. Tun daga tagar otal kana hango su, kawunansu fari fat kamar an yi musu rawani. Ranar Alhamis Yaya ta ajiye mana tikiti biyu a kan tebur ta ce mu hau saman dutse, wai kar mu kuskura mu bar ƙasar ba mu hau ba. Na saka doguwar rigar atamfata mai ganye-ganye, na ɗora buhun auduga a kai, safa biyu-biyu, mayafi mai ruwan zuma. Tarwaɗa kuwa na naɗe ta har sai ido da hanci.

Ni na ɗauka mota ce za ta kai mu. Muna isa na ga wani akwatin gilashi rataye a jikin igiyar ƙarfe, yana lilo, mutane na shiga suna dariya kamar ba ransu ne a ciki ba. Na ja na tsaya.

"Wannan? A cikin wannan?"

Tarwaɗa ta riga ta ja ni da mayafin da ya haɗa mu. Kafin in yi shawara ƙofa ta rufe. Mu biyu, da wani tsoho da matarsa, kowannensu da sandar hawan dutse.

Ƙasa ta fara nisa. Gidaje suka koma kamar akwatin ashana, shanu kamar tururuwa. Na rufe ido na kama duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa. Muna tsakiyar sararin Allah, ba sama ba ƙasa, sai abin ya yi ƙugi ya tsaya cak. Ya yi lilo gaba, ya yi baya. Wata murya ta yi magana ta lasifika, tsohon ya yi min alama da hannu wai iska ce, a kwantar da hankali. Wane hankali? Na durƙushe a ƙasan akwatin na riƙe ƙarfen kujera, hawaye shaɓe-shaɓe, ina cewa, "Wayyo Umma, wayyo na shiga uku, me ya kawo ni."

Sai na ji ɗan hannu mai safa a kumatuna.

"Anti Auta, kar ki ji tsoro. Ina nan."

Na buɗe ido. Na ɗauka kunnena ne.

"Me kika ce?"

Ta dafa kafaɗata irin yadda nake yi mata in ta faɗi, ta karkace kai, da muryata sak ta ce, "Yi shiru, yi shiru. Ke dai akwai raki."

Jama'a! Hausa! Tiryan-tiryan, har da karin maganata! Na manta da igiya, na manta da rami, na fashe da dariya ina kuka, na rungume ta ina cewa sake faɗa, sake faɗa. Ita kuwa ta ga abin ya karɓu, ta shiga zazzago duk abin da ta tara wata goma sha ɗaya: "Zo nan. Sauka daga nan. Za ki sha duka. Wa ya zubar da madara?" Tsohon da matarsa ba su san me ake ba, amma suka kama tafi. Ban ma san lokacin da akwatin ya ci gaba da tafiya ba.

A saman dutse ƙanƙara ce ko'ina, laushi kamar gari, rana na haskawa har ido ba ya buɗuwa sosai. Gajimare a ƙasanmu yake, ku ji fa, a ƙasanmu. Tarwaɗa ta kwanta tana birgima. Ni kuma na tsaya ina kallon duniya shimfiɗe, na ce a raina, yarinya 'yar shekara huɗu ta buɗe baki ta faɗi abin da ke cikinta, ke ƙatuwa kina ɓoye-ɓoye. Na duba agogo, lokacin hutun tara ne a makarantar su Malam. Na danna kiran bidiyo.

Ya ɗauka a ɗakin malamai, da kofin shayi a hannu. Na juya masa wayar ya ga duwatsun.

"Ashe haka suke," ya ce a hankali. "Littafi bai faɗi rabi ba."

Na juyo da wayar. "Malam, ina da magana, kuma in ban faɗa yanzu ba ba zan iya ba."

Na faɗa masa duka. Makarantar, shekara ɗaya, saƙon Umma, har ƙaryar sanyin da na yi masa. Na ce ina so in yi karatun, kuma ba na so in rasa shi, kuma ban san yadda ake haɗa biyun ba.

Ya ajiye kofin. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga ya mayar.

"Tun yaushe kika sani?"

"Kwana huɗu."

"Kwana huɗu kina ɗauke da wannan ke kaɗai?"

Sai ƙararrawar komawa aji ta kaɗa a bayansa. Ya waiwaya, ya dawo da kallonsa. "Ina da aji. Zan neme ki." Ya kashe.

Zan neme ki. Shi ke nan fa. Ba to, ba a'a. Na sauko daga dutsen nan ban ko ji tsoron akwatin ba, don tsoron da ke cikina ya fi shi. Muka koma otal, na yi wa Tarwaɗa wanka da ruwan ɗumi, na shanya safunanmu a kan abin ɗumama ɗaki, ina duba waya duk bayan numfashi biyu. Shiru.

Wajen la'asar Yaya ta dawo. Tana buɗe ƙofa Tarwaɗa ta tare ta, hannu a ƙugu: "Wa ya zubar da madara?"

Jakar Yaya ta faɗi ƙasa. Ta dube ni, ta dubi 'yarta, ta zauna daɓas a bakin gado ta rufe baki. Sai da ta sa yarinyar ta maimaita sau biyar, ta ɗauka a waya ta tura wa mijinta a teku, ta tura wa kakar yarinyar. Muna cikin wannan shewa wayata ta yi ƙara.

Hoto ne daga Malam. Takalmansa baƙaƙe, an goge su suna ƙyalli, ajiye a bakin ƙofar falon Baba. Na san tabarmar ƙofar, ni na saya. Babu rubutu ko ɗaya.

"Yaya," na ce, "ya je gidanmu."

"Yau? Ai ba Juma'a ba ce."

Kafin ta rufe baki kira ya shigo. Baba. Jama'a, Baba ba ya kiran mutum. Sai dai in Umma ta gama magana ta miƙa masa ya ce Allah ya yi albarka. Na goge hannuna a riga, na gyara mayafi kamar yana ganina, na durƙusa a kan kafet na ɗauka.

"Baba, ina wuni."

"Lafiya lau, Auta. Ya sanyi?" Ya yi gyaran murya. "Malamin nan naki ne ya zo min da rana tsaka, ko gida bai biya ba. Ga shi nan zaune yana ta zufa. Abu biyu ya roƙe ni. Na farko, in bar ki ki yi karatunki, wai shi malami ne, ba zai iya zama sanadin da wani ya bar aji ba. Uwarki ta yi ta faɗa, amma na ce na amince."

Na dafe ƙirji. Yaya ta matso ta manna kunnenta a bayan wayar.

"Na biyu, ya ce tunda dole ki zo hutun sati uku wata mai zuwa kafin a buɗe makarantar, a ɗaura muku aure a lokacin. Ki koma ki yi karatunki da igiyarsa, shi zai jira ki a nan."

Can nesa na jiyo Umma: "Ka ba ni ita! Ka ba ni ita mana!"

"Dakata tukuna," in ji Baba. "Ban ba shi amsa ba, Auta. Na ce masa ba ni zai aura ba."

Yaya na mintsinina a cinya. Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, duk abin da ka yanke."

Ya yi dariya, irin wadda rabona da ji tun ina ƙarama.

"Ban tambaye ki abin da na yanke ba. Kin tsallaka ƙasa huɗu da 'yar mutane a hannu, ba za ki kasa tsallaka kalma ɗaya ba. Na buɗe wayar kowa na ji, ga uwarki, ga shi. Faɗi da bakinki."